Hotunan Ɗakin Yaya Kulu

"Aje hannunka, Iliyasu. Ban mutu ba tukuna."

Muryar Yaya Kulu ce daga kan katifa, ta sirance, amma da sauran kaifin nan da ke tsayar da yarinya cak a tsakiyar fili. Ƙanenta Malam Iliyasu yana tsaye bisa kujera, hannunsa a jikin hoton farko. Ni kuwa ina bakin ƙofa riƙe da filaya. Ni kafinta ne, katanga ce ta raba gidanmu da nasu a Wurno, kuma ni na yi wa hotunan nan katako na kafa su ranar da ta dawo gida. Ta goye ni ina jinjiri, shi ya sa ba a yi mini shamaki da ɗakinta.

"Yaya," in ji shi, "kin san mala'ikun rahama ba su shiga ɗaki mai hoto. Ba ni niƙ ƙaga ba."

"Na sani. Kana bisa bayana kana zubar da miyau anka koya muna shi."

Matarsa Habi, da ke yi mata fifita, ta danne dariya da bakin mayafi.

Yaya Kulu ta ƙarar da ƙarfinta wajen horar da 'yan mata ƙwallon hannu a wata kwaleji a Sakkwato. Gida-gida ta riƙa bi tana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su yi wasa, ita ta sa aka ɗinka musu dogon wando da riga mai rufe hannu don a daina surutu. Ba a daina ba. Aurenta ya mutu a kan yawan tafiye-tafiyen gasa, ba ta kuma haihu ba. Daga baya kwalejin ta rushe ƙungiyar mata, filin ya zama wurin ajiye motoci. Ta dawo mana da akwati, da usur, da hotunan nan: kowace shekara da 'yan matanta, an jeru, tana gefe ta harɗe hannu. A unguwa Koci ake ce mata, wasu da girmamawa, wasu da taɓe baki.

Yanzu ciwon ƙoda ya kwantar da ita, asibiti ma sun ce a kawo ta gida.

"Waɗanga su na ɗiyana," ta ce. "Kai in taka ta zo, ɗiyanka na kewaye da kai. Ni mi za ni kallo? Azara?"

Malam Iliyasu ya sauko daga kujera. Ba mugu ba ne. Shi ke tashi ya kai ta wankin ƙoda, shi ya sayar da albasarsa tun ba ta ƙosa ba.

"To ga magana guda," ta ce. "Na aika ma Mashkura. In ta shigo ɗakin ga, ku ɗebe su duka. Huska guda mai rai ta ishe ni."

Mashkura ita ce mai tsaron ragarta a shekarar da suka ci kofi, yanzu tana koyarwa a Goronyo. Ya amince, na koma da filayata.

Sai dai a makon nan 'yan bindiga sun tare hanyar Goronyo, direbobi suka ƙi fita sai da rakiyar soja. Ina wurin lokacin da Mashkura ta bugo waya, Habi ta kara mata a kunne, muna jin komai.

"Koci, ina tasha tun da sahe. Na samu mai babur, ya ce shina bi da ni ta daji."

Na ga idon Yaya Kulu ya tafi kan bango ya dawo.

"Ke gola ta, ko kin mance? Gola ba ta barin raga. Ɗiyanki su na ragarki. Kada ki hito sai da soja."

"Koci..."

"Na busa usur. An gama."

Ta juya kai, Habi ta janye wayar. Duk mun san abin da ta yanke wa kanta: ba za ta ga fuskar Mashkura ba.

Washegari da hantsi Malam Iliyasu ya same ni a shago ina goge ƙofa. Idonsa ja.

"Yusha'u, ta bar magana, numfashi ɗai ya rage. In ta cika ɗakin ga haka, mi za ni ce ma Allah? In kau na ɗebe su, na ci alkawalin mai mutuwa."

Karatuna ba mai zurfi ba ne, abin da na tsinta ne nan da can. Na sha juya irin wannan a raina ina aikin katako: tsakanin abin da kake jiye wa mutum tsoro da abin da shi ya roƙa da bakinsa, wanne ne ƙauna? Ban taɓa samun amsa ba, ranar ma ban samu ba. Dabarar kafinta kawai na samu.

"Malam, kada mu ɗebe su. Mu juya su, su kalli bango."

Ya gyaɗa kai.

Muka juya su ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar ɓarayi. Ina rataye na ƙarshe ta buɗe ido. Ta bi bangon da kallo, babu komai sai bayan falanki da ƙananan ƙusoshi. Kallon ya daɗe ƙwarai.

"Aikin kahinta na wanga," ta ce. Har yau ban san ko zargi ne ko zolaya ba.

Sai ta ɗaga yatsa ta nuna na farko. "Surayya, ta tsakiya. Bahaguwa." Ta matsa gaba. "Mahbuba, mai kukan banza in an ci mu." Haka ta riƙa bin bayan katako tana kiran sunaye, muryar na raguwa, har ta zo na uku. "Mashkura, ga ta duƙe gaba, ƙwallo ga hannu."

Yatsan ya sauka. Malam Iliyasu ya durƙusa kusa da kunnenta yana karanta kalmar shahada, leɓenta na bin sa. Idonta dai bai bar bangon ba har Habi ta shafe shi.

Bayan azahar muka kai ta makwancinta.

La'asar ta yi sanyi sa'ad da motocin Goronyo suka shigo gari a bayan motar soja. Mashkura ta iso da jakarta a hannu, doguwar mace, ta ga tabarmin zaman makoki a ƙofar gida, ta tsaya. Habi ta ja ta zuwa ɗakin, Malam Iliyasu ya yafito ni.

"Kin shigo, ɗiyata," ya ce. "Alkawali ya cika. Yusha'u, ɗebe su."

Mashkura ta dubi bangon. Ba ta tambayi wanda ya juya su ba. Ta miƙe kai tsaye zuwa na uku, ta ɗora tafin hannunta a bayansa.

"Baba, ta gan mu?" ta tambaye ni.

"Ta kira sunanki," na ce. Iyakar gaskiyar da nake da ita ke nan.

Na hau kujera. Ina saukewa tana karɓa, tana jera su a kife cikin hijabinta, ba ta juya ko ɗaya ba. Da na gama, bangon ya rage da tabo-tabo farare masu kusurwa huɗu inda hayaƙi bai taɓa ba, usur ɗin kuma yana rataye shi kaɗai a ƙusar ƙarshe.