Sauran Wata Biyu

"A hankali, Baba, da mutum a kai," in ji ƙanwar Malama.

Kafinta ya durƙusa yana buga ƙusa a ƙafar gadon da ta karye. Malama na kwance a kai, duk ta ƙare sai idanu. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da shagonsa, kuma ita kaɗai ce mace mai koyarwa a firamaren unguwar.

"Maƙwabci," ta ce, murya can ƙasa, "jikarka ta fi kowa a aji huɗu."

"Ni ta gado."

"A taurin kai dai." Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. "Yarinyar da muka tura horon malanta, sauran wata biyu ta dawo. Ka bar mini jikarka wata biyun nan."

Ya ci gaba da bugu. Ita ma ta san abin da ya ɗaure shi. Ranar da masu tallafi suka zo suka ce za a riƙa ba iyaye wani abu don 'yan mata su ajiye farantin talla, shi ya miƙe a gaban taro ya ce, "Muddin Malama na aji, jikata na aji. Ran da babu mace a makarantar nan, da hannuna zan cire ta." Magidanta tara suka bi bayansa. Tun da yake, ba a taɓa jin ya yi magana biyu ba.

"Ki warke kawai," ya ce. "Shi ya fi sauƙi."

"Na so in yi maka wannan alfarmar."

Ran Alhamis da hantsi ta cika.

Litinin da safe yana fiƙe katako, sai ga jikar tsaye a bakin shago cikin kayan makaranta. Ba ta shigo ba, ba ta wuce ba. A tsallaken titi magidanta sun bar abin da suke yi suna kallo, 'ya'yansu mata na leƙe ta bayan ƙyaure.

"Kaka, in tuɓe?"

In ya ce tafi, ya zama maƙaryaci da furfurarsa. In ya ce tuɓe, ba ita kaɗai za ta tuɓe ba.

Ya ajiye aikin. A lungu akwai wani bencin makaranta da aka kawo gyara tun bara. Ya kakkaɓe shi.

"Ke, uwargida, ba ki ga tsoho da kaya ba? Kama can."

Ta kama gaba, ya kama baya. Suka fito titi suka nufi makaranta, bencin ya karkata wajenta. Bai dubi kowa ba. Bai kuma san abin da zai ɗauka gobe ba.

A bayansu wani ƙyaure ya yi ƙara, sai sawun ƙananan takalma.