Fiyano a Ƙofar Zaure

Akwati ɗaya, maganin hawan jini, takardun kiɗan da na rubuta, da fiyano a bayan mota an lulluɓe shi da tamfol. Abin da na dawo da shi ke nan bayan shekara talatin da ɗoriya a Chicago ta Amurka.

Mun wuce Jama'are direba ya dube ni.

"Alhaji, wai wannan kayan naka firji ne?"

"Abin kiɗa ne."

"Wa kake yi wa waƙa?"

"Ba kowa. Jaz ne, kiɗan Amurka, ba a ambaton sunan kowa."

Ya yi dariya. "Ashe ba ka fara sana'a ba."

Can ma ban yi wani suna ba. Na yi kiɗa a ƙananan kulob, na fitar da faifai huɗu. Ɗaya na sa masa suna Katagum, na aiko da shi gida, ba wanda ya ce ya saurara. Da matata ta rasu, abokan kiɗana suka watse, sai ni da fiyanon.

Da la'asar muka shiga Azare, hadari na haɗowa. Yayana Babayo na zaune a ƙofar gida. Ya riƙe hannuna, ya tambayi hanya, ya ce an share mini ɗakin Inna.

Majiya ƙarfi suka sauke fiyanon. Ya shiga ƙofar zaure, amma ya ƙi juyawa. Mahaifinmu ya gina zauren da kwana, don kada na waje ya hangi tsakar gida.

"A sare gefen bangon nan kaɗan," na ce. "Zan gyara."

"Umara, makarar Baba ta nan ta fita, ta Inna ma haka. Ba a taɓa bango ba. Ba ka nan ne."

"Ruwa zai lalata fiyanon, Yaya."

"Ga shagon gyaɗar Baba nan a waje. Sa kayanka can, kai ka shigo gida."

Shagon rufin kwano ne, taga ɗaya, sai warin tsofaffin buhuna. Aka tura fiyanon ciki, yayyafi ya fara. Na buɗe murfin na taɓa. Hanya ta sassauta wasu tsirkiyoyin, amma yana magana.

Babayo ya leƙo, ruwa na ɗiga a hularsa.

"Tuwo na hucewa."

Na ɗauko akwatina daga zaure, na haɗo da tabarma, na dawo shagon.

"A miƙo mini nan, Yaya."

Na tura ƙofa, na sa sakata.

"Inda fiyanon yake, nan zan zauna."