Motar da Orval Ya Haɗa da Hannunsa

Tun farkon watan Maris maƙwabta suka fara watsewa. Kullum da safe Maxine Kettleman za ta ji tashin inji, ta leƙa ta taga, ta ga wani gida mai taya ya bi bayan motarsa ya nufi titi, ya bar duwatsun murhu da shatin taya a kan tsakuwa. Haka hamadar Quartzsite ta ƙasar Amurka take duk shekara: tsofaffi su cika ta da sanyi, su gudu kafin rana ta fara gasa mutum. A da, ita da mijinta Orval suna cikin masu tashi da wuri. Bana kuwa Orval yana zaune a keken marasa lafiya ƙarƙashin rumfa, hannunsa na dama a kan cinya kamar na aro, motarsu kuma tana tsaye inda ya bar ta.

Orval makanikin injinan gona ne a jihar Nebraska har ya tsufa a kan aikin. Da ya ajiye aiki suka sayi gida mai taya, dogo, da ɗakin kwana a gaba, suna jansa da a-kori-kura. Wata rana a gangarar tsaunukan Colorado birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, gidan ya dinga ingiza su ta baya, sai da suka afka cikin tulin yashin da ake tanada don irin wannan rana. Orval ya fito ya zauna a ƙasa.

"Na gama jan abin da ya fi ƙarfin motata," in ji shi.

Shi ne ya je ya sayo kan tirela da wani kamfanin dakon kaya ya gama mora. Ranar da ya shigo da ita tsakar gida Maxine ta riƙe haɓa.

"Tsoho, jirgin ƙasa ka sayo mana?"

"Hau ki ji, tsohuwa. Wannan ko dutse ta ɗauko, in na ce ta tsaya sai ta tsaya."

Ya yi kusan shekara biyu a kanta. Ya cire layi ɗaya na tayoyin baya, ya yi walda ya shimfiɗa mata gadon ƙarfe da akwatunan kayan aiki. Farantin da ke cafke ƙusar gaban gidan ya ɗora shi a kan jakunkunan iska, don kada tangaran ɗin Maxine su farfashe a hanya. Wayoyin birki da na fitilu duk shi ya sake ja. Ya raɗa mata suna Gertrude, sunan wata gwaggonsa mai jiki wadda ba a taɓa ganin ta yi sauri ba. Da ya gama suka sayar da gidansu na ƙasa, suka kama hanya: rani a arewa, hunturu a hamada. Ya sha ce wa Maxine ta zauna a sitiyari ta koya, ita kuwa sai ta ce aikinta taswira da dafa kofi, ya riƙe nasa.

A watan Janairun bana ya ji iskar birki na tsiyaya a ƙarƙashin motar. Ya shimfiɗa tamfol ya shige da sifana don ya canza bawul ɗin da ke riƙe iskar. Maƙwabcinsu Dewey Lindqvist, tsohon direban motar makaranta, shi ya lura ƙafafun Orval sun daɗe ba su motsa ba. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa a baki: "A'a." Da ita yake neman ruwa, da ita yake godiya, da ita yake faɗa.

'Yarsu Rhonda tana bugo waya daga birnin Omaha na Nebraska kusan kullum.

"Mama, ki sayar da motar nan. Ki sayar da komai. Na gyara miki ɗakin ƙasa, Baba kuma na nema masa wuri a gidan jinya."

"Ubanki ba zai kwana a gidan jinya ba."

"To a ina zai kwana? Nan da wata guda wurin nan tanderu ne. Ba wuta, ba famfo. Ke kike ɗaga shi, ke kike masa wanka, kin manta shekarunki?"

Maxine ba ta manta ba. Bayanta yana tuna mata kowace safiya. Har ta bari wani mai sayen manyan motoci ya zo ya duba Gertrude. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙasa, ya tashi yana kaɗe gwiwa. Ya ce aiki ya yi kyau, amma an rage mata taya, ba ta da amfani ga mai dakon kaya, masu yawo irinsu kuma kowa sabuwa yake so. Orval yana daga rumfa yana kallonsa da ido ɗaya a buɗe sosai, har mutumin ya tafi.

Dewey ya ce a nemi direban haya ya kai su tudun Prescott, inda akwai sanyi da asibiti kusa. Maxine ta girgiza kai.

"In wani ya kai mu, wa zai sauko da mu in sanyi ya zo? In ban iya tuƙa ta ba, Dewey, zaman nan ya ƙare ke nan. Koya mini."

Matar Dewey, Jolene, ta riga ta ɗaure kaya tana son tafiya wurin jikokinta, amma ya roƙe ta ta ƙara haƙuri. Suka fara da gyaran da Orval ya bari. Dewey ya kwanta a tamfol, Maxine ta turo keken Orval kusa, tana miƙa kayan aiki.

"Wannan tiyon ne, maigida?" in ji Dewey daga ƙasa.

"A'a."

"Wancan?"

"A'a."

"Kai, mutumin nan ko da lafiyarsa haka yake. Uwargida, fassara mini."

"Ta farkon a'a ce ta gaske. Ta biyun i ce. Ba ka ga ya ɗaga gira ba?"

"Ina ƙarƙashin mota zan ga gira?"

Orval ya yi wani sauti mai kama da tari. Sai da Maxine ta dube shi da kyau ta gane dariya yake. Rabonta da jin dariyarsa tun kafin ya faɗi. Ta juya baya ta goge ido da gefen riga.

Iska ta daina zuba. Daga nan Dewey ya fara koya mata tuƙi a fili, ba tare da gidan ba. Ta koyi jira har allurar ma'aunin iska ta hau kafin ta saki birki. Ta koyi taka shi a hankali, bayan da ta kusa haɗa goshin Dewey da gilashi. Ta koyi baya da madubi, tana murƙushe duwatsun murhun mutanen da suka tafi. Motar ba ta da wuyar sarrafawa kamar yadda ta zata, giya ma da kanta take shiga. Daga can sama tana hango hamadar har gindin duwatsu, sai ta fara gane abin da ya sa Orval yake waƙa in yana tuƙi.

Abu ɗaya ne Dewey bai sani ba, kuma bai ɓoye ba. Nasa gidan irin na bas ne mai injinsa a jiki, bai taɓa haɗa mota da gida ba. Amma ya ce ya ga Orval yana yi sau da yawa, ba wani abu ba ne.

Ranar tafiya suka tashi da sassafe kafin zafi. Maxine ta ɗaure ƙofofin kabad, ta naɗe rumfa, ta ajiye Orval a inuwar wata bishiya gefen motar. Jolene ta kawo musu burodi da soyayyen ƙwai na hanya. Dewey ya ɗaga gaban gidan a kan ƙafafunsa na ƙarfe, ya ƙara ɗagawa don kada ya gogi gadon motar. Maxine ta hau ta yi baya a hankali, yana ba ta hannu.

"Zo, zo. Dama kaɗan. Zo. Tsaya!"

Aka ji ƙaram. Dewey ya tura hannun makullin farantin ya shige. Ya haɗa wayar lantarki, ya leƙa fitilu, ya tafa.

"Ta kama, uwargida! Yau kin zama direba."

"A'a," in ji Orval.

"Kin ji shi, kishi yake," in ji Dewey.

"A'a. A'a!"

Maxine ta leƙo ta taga. Fuskar Orval ta yi ja, yana dukan hannun keke da hagunsa, yana nuni da haɓa wajen motar. Ta sauko ta durƙusa gabansa.

"Mene ne, tsoho? Fitsari? Rana ce ta dame ka?"

"A'a."

"Tsoro kake in kashe mu? Haba. Ai ka ga yadda nake yi."

Ya cafki hannunta ya matse har ta ji zafi. Ta nemi girarsa, ba ta iya karanta komai ba, don fuskar duk ta murtuke. A ranta ta ɗauka baƙin ciki ne na ganin wani a kujerarsa. Ta shafa kansa.

"Bari in fitar da ita kan hanya mai laushi, sannan mu ɗauke ka. Yanzun nan."

Dewey ya janye ƙafafun ƙarfen sama. Maxine ta saki birki, ta taɓa totur. Motar ta matsa kamar tsawon mutum, sai ta ji ta yi sakayau, sannan wata ƙara ta biyo baya wadda ta ji ta har cikin haƙoranta. Gaban gidan ya zame daga farantin ya rufto a kan gadon ƙarfen, ya zame kuma ya daki ƙasa. Bangon ɗakin kwanansu ya tsage tun daga sama. Tana jin tangaran suna zubowa a ciki, ɗaya bayan ɗaya, har suka ƙare.

Mai janwe da ya zo da rana shi ya yi musu bayani. An ɗaga gidan ya yi sama da yawa, ƙusar ta hau kan baƙin makullin maimakon ta shiga cikinsa. Wanda ke tsaye ba zai lura ba. Sai wanda ya sunkuya, ko yake zaune ƙasa-ƙasa, shi zai hango haske tsakanin farantin da gindin gidan. Maxine ta waiwaya ta dubi inda keken Orval yake. Ya rufe ido.

Ƙarfen da ke riƙe da gidan ya karye ta gaba, wurin ƙusar. Masu gyara a gari suka ce ko an yi walda ba wanda zai yarda a sake hawa titi da shi. Dewey ya tsaya gaban Orval da hula a hannu, daga baya ya je bayan motarsa ya zauna shi kaɗai. Washegari shi da Jolene suka tafi. Jolene ta rungume Maxine ta ce za su dinga kira. Sun kira sau ɗaya ko biyu.

Rhonda ta zo a jirgi ta yi hayar mota. Ba ta ce "na faɗa miki" ba, abin da ya fi yi wa Maxine ciwo ke nan. Suka kwashe abin da zai shiga but ɗin motar: tufafi, magunguna, hotuna, bargon da uwar Orval ta saƙa. Wani mai filin ajiye motoci a bakin gari ya yarda a bar Gertrude a wurinsa har a samu mai saye. Da aka zo wucewa da Orval ta gefenta, bai juya kai ba.

Gidan jinyar a Omaha yana da tsabta, ma'aikatan kuma ba su da laifi. Maxine tana hawa bas ta je kullum. Tun ranar da gidan ya faɗi Orval bai ƙara furta ko da kalmar tasa ba. Likita ya ce wataƙila ciwon shanyewar jikin ne ya sake ɗan taɓa shi. Ita ba ta yarda ba, amma ba ta yi musu ba. Takan ba shi abinci, ta ba shi labarin jikoki, shi kuwa yana kallon bango.

Cikin watan Nuwamba, tana tsaye a barandar gidan jinyar tana kaɗe ƙanƙara daga takalmi, mai filin ya bugo. Ya ce rana ta farfasa tayoyin Gertrude, ɓeraye sun cinye wayoyi. Amma akwai wani mai haƙar rijiya da ke son injin kawai, sauran kuma masu gwangwan za su yanka.

"Kina ji na, uwargida? In ba shi?"

Ta daɗe tana kallon motocin da ke wucewa da fitilu a kunne da rana tsaka.

"Ba shi," ta ce.

Ta sa wayar a jaka, ta shiga. Wata ma'aikaciya ta ce mata yau Orval ya ƙi cin komai. Maxine ta jawo kujera, ta ɗauki hannunsa na hagu ta ɗora a cinyarta. Faratansa sun yi tsawo. Ta nemo abin yankan farce a aljihun tebur, ta fara daga ɗan ƙaramin yatsa.