Ranar da Yatsana Ya Sauya Sheƙa

Wani irin mafarki na yi jiya da dare, har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba.

Ga ni dai a sakatariyar ƙaramar hukuma, na zo karɓar takin gwamnati buhu biyu. Masarata ta kai gwiwa, ganyenta ya fara rawaya. In aka ƙara mako guda babu taki, to bana sai dai mu ci kara. A aljihuna akwai takardar rabo da kansila ya ba ni, wadda na dangwala wa yatsa.

Layin da baya yake tafiya. Na yi sammako na zama na farko, saboda haka ni ne na ƙarshe.

Da na shiga ofis, wa zan gani a kujerar darakta? Jar akuyata! Wadda da hannuna nake ba ta dusa. Ta maƙala tabarau, tana juyi a kujera.

"Ranki ya daɗe, ni ne fa, Jatau."

"Nan ba a sanayya," in ji ta. "Dangwala."

Na miƙa hannu kan na'ura, sai na ga yatsu huɗu. Babban babu. Ba jini, ba zafi, wurin sumul.

"Innalillahi! Ina yatsana?"

"Ya sauya sheƙa tun da asuba, yana jam'iyyar adawa. Sabuwar dokar zaɓe kuwa ta ce taki na wanda ya dangwala ne. Kai ne ke dangwalawa ko shi?"

Gaskiyarta ce kuwa.

Sai ga ni a filin taro. Manyan yatsu ne cike da dandamali, kowa ya kafa hula. Nawa yana tsakiya cikin babbar riga, har ya yi tumbi. Da kantar fartanya na gane shi.

"Haba ɗan'uwa!" na ce. "Shekara hamsin muna tare!"

"Shekara hamsin kana tsoma ni a tawada, me na samu?" in ji shi. "Nan an yi mini alkawarin kwamishina. Ka dawo bayan rantsuwa."

Wallahi raina ya ɓaci. Ɗan yatsan da ni na raine shi!

Ban ankara ba na ji ɗigo a tafin ƙafa. Ina tsaye a gonata, ruwa yana tsattsafowa daga kunyoyi yana tafiya sama. Matata Asabe ta kife ƙwarya a kan ƙasa tana tare shi.

"Malam, an yi wa damina kiranye," ta ce, ko a jikinta. "Wai ruwa a lokacin kamfe sayen ƙuri'a ne."

Masarar kuwa tana komawa ƙasa a hankali, daga gwiwa zuwa ƙwauri, daga ƙwauri zuwa idon sawu. Na kama guda ina ja, tana sulɓewa, don ba a riƙo da yatsu huɗu. A nan tsoro ya kama ni sosai. Na tuna rumbunmu, na tuna bakunan da nake ciyarwa a gida.

Da gudu na koma ofis.

"Ranki ya daɗe, in dangwala da na ƙafa?"

Ta leƙo ta saman tabarau. "Shi wannan a wata mazaɓa ya yi rajista."

"To ki dubi Allah, ga takardar kansila."

Ta karɓa da baki, ta fara tauna.

"Me kike yi haka?"

"Ajiya. Haka muke adana takardun talakawa."

Ƙurus, ƙurus, ƙurus.

Na buɗe ido. Gari ya waye, yatsuna biyar cif, sau biyu na duba. Na ce alhamdulillahi. Amma ƙarar ba ta tsaya ba.

Rigata ce ta faɗo daga ƙusa a bakin ƙofa, jar akuya ta cusa kai a aljihun. Na yi kukan kura na shaƙe ta. Abin da na ƙwato daga bakinta ɗan gefe ne jiƙe da yawu, babu sunana, babu sa hannun kansila. Dangwalen yatsana ne kaɗai ya tsira.

Daga madafa Asabe ta ɗaga murya: "Malam, ka hanzarta! An ce ƙarfe bakwai za a fara rabon, kuma ba a sauraron wanda bai zo da takarda ba."