Mesar Mati da Randar Haulatu

A unguwarmu, can bayan kasuwar Daura, akwai wani tsoho ana ce masa Mati Gardi. Da ƙuruciyarsa wasa da macizai yake yi a kasuwanni, daga Sandamu har Mai'adua. Da girma ya kama shi sai ya rabu da su duka, ya bar mesa guda ɗaya wadda ya tsinta tun ba ta fi igiyar guga kauri ba. Ya sa mata suna Lami. Ba ta da dafi, ba ta da faɗa. Ta ci ɓeranta, ta koma gindin randar ruwa ta naɗe kamar gammo.

Nakan je gidan don in kalle ta kawai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne saɓa. A ce dabba ta tuɓe tsohuwar rigarta tun daga leɓe har wutsiya, har da murfin ido, ta fito da sabuwa ba tela ba zare! Mati kan ɗaga saɓar a rana mu yi ta kallon gurbin idanun nan biyu kamar tabarau.

Matarsa Haulatu kuwa ba ta taɓa kai mata hannu ba. Ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce "igiyar nan taka". In za ta ɗebi ruwa, sai ta tsaya nesa ta miƙa moɗa tana a'uziyya.

Bara ɗansu na fari, Abdulrazak, ya sami buɗi a fataucinsa na Mai'adua, ya zo ya gyara wa iyayensa gida. Aka shafe ɗaki da rumfa da siminti sumul, aka fitar da tsohuwar randa, aka kawo babbar robar ruwa mai famfo. Kowa ya sa masa albarka. A shekarar ne kuma Mati ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, na hagu sai rawa.

Da bazara ta yi tsanani Lami ta tashi yin saɓa, sai abin ya ƙi. Fatar ta fita guntu-guntu, sauran ta bushe ta manne mata a ka, ta rufe idanun fari fat kamar mai yana. Ta daina cin abinci. Da ta ji motsi sai ta kai sara, don ba ta ganin ko wane ne. Rannan ta cafki takalmin Abdulrazak.

"Baba," in ji shi, "in na dawo daga kasuwa zan sa ta a buhu in kai ta daji. Yau takalmi ne, gobe ƙafar jikanka ce."

Mati ya juya ya dubi Lami. Ya san makauniyar mesa a daji ba ta da kwana, ko shaho ko fartanyar manomi. Da na shigo da hantsi na tarar da shi zaune a gabanta, yana ɗaga hannun nan mai rawa yana saukewa.

"Riƙe mini kanta," in ji shi.

"Ni? Ai ka sani kallo kaɗai na iya."

"To ni kuma in farcena ya goce, da idon zai fito."

Haulatu tana bakin murhu tana jin mu. Sai ta ajiye muciya ta ce, "Malam, kai da kake cika baki ka san maciji, a ina igiyar nan taka take barin rigarta duk shekarun nan?"

"A ɗaki mana."

"Ɗaki wane? Ni nake sharewa. Kullum a gindin randa nake samunta, maƙale da yumɓu, yashin wurin jiƙe. Yanzu da me za ta goga jiki, da roba?"

Mati ya dafe kai da hannun da ya rage masa.

Randar tana bayan gida, kaza ta mayar da ita wurin ƙwai. Haulatu ta kori kazar, ta mirgino randar har rumfa, ta wanke, ta zuba mata yashi a gindi, ta cika ta da ruwa. Sannan ta jiƙa wani tsohon zanenta da ruwa mai ɗan ɗumi ta miƙa mini. Na mayar da hannuwana baya.

"Maza ke nan," in ji ta. "Ɗaya ba hannu, ɗaya ba zuciya."

Ta runtse ido, ta yi bismilla, ta lulluɓe Lami da zanen ta ɗora ta a cinya. Hannunta bai saki ba. Mati yana gefe yana faɗa mata: kada ta matse, ta bar ta ta riƙa sulalewa cikin jiƙaƙƙen zanen da kanta. Mesa tana ratsawa, tsohuwar fata tana laushi tana zama a zane. Haulatu kuwa bakinta bai huta ba, rabi addu'a rabi zagi.

"Wuce, mummuna. Wai ni ce yau nake yi wa igiya wankan jego!"

Murfin ido ɗaya ya fita. Ɗayan ya ƙi. Ta kai yatsa za ta ɓanɓare.

"Kul!" in ji Mati. "Na ido ba a ja. Kai ta gindin randa."

Ta kai ta. Muka zauna muna jira, randa tana tsattsafo da raɓa, yashi yana shan ruwa. Lami ta daɗe ba motsi, har na fara tunanin ko mafarkin damina take yi. Can sai ta fara zagaya randar a hankali, tana goga gefen kanta da yumɓun, ta je ta dawo.

Bayan la'asar muka ji babur a ƙofar gida. Abdulrazak ya yi sallama ya shigo da buhu a hannu. Ya dubi randa, ya dubi uwarsa da jiƙaƙƙen zane.

"Inna, ke ma?"

Haulatu ba ta kama sunan ɗan fari, ko dubansa sosai ba ta yi. Ta nuna masa gindin randa da haɓa. Wani ɗan abu kamar ɓawon albasa yana manne da yumɓu. Lami ta ɗago kai, idanu biyu baƙaƙe suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Mati ya miƙa hannunsa mai rawa. Ta zaro harshe, ta bi hannun ta hau har kafaɗa, ta kwantar da kai.

Abdulrazak ya tsaya yana juya buhu.

"Kai yaron nan," in ji Haulatu, "tun da ka zo da buhu, je ka ciko mini shi da yashi. Na gindin randar nan bai isa ba."