Namijin Hofen a Bayan Gidanmu

A ƙauyenmu na Halatau kowa da hofen yake ci, furen nan mai ɗaci da ake jefawa cikin tukunyar giya. Kawuna Korbinian, wan mahaifiyata, gonarsa ta fi ta kowa girma, kuma iyakarta ta taɓo shingen gidanmu. Babana Rupert kuwa kafinta ne. 'Yan turaka kaɗan ya kafa a lambun bayan gida, hofen yana hawa, abin da zai ishe shi dafa giyar da zai sha da abokansa.

Macen hofen kaɗai ake shukawa. In namiji ya yi fure a kusa, iska ta kwashi garinsa, sai furen matan ya cika da ƙwaya, masu saye su murza su yi tsaki su wuce. Shi ya sa duk wanda ya ga namiji a bakin rafi, nan take yake tumɓuke shi. Baba ya ɓoye guda ɗaya a lungun rumbun katako. Burinsa ya haɗa irin kansa, wanda babu mai shi a ƙasar. Ya lulluɓe shi da buhu, amma guguwar da aka yi a tsakiyar bazara ta yage buhun, bai lura da wuri ba.

Ranar da abin ya faru, lokacin tsinka ne, da hantsi. Mama Zenzi tana tsakar gida tana juya ruwan sha'ir na giyar Baba da ke tafasa a tukunyar tagulla, ni ina ƙara mata ice. Sai ga Kawu ya bankaɗo ƙofa, da wani ƙato cikin masu yi masa tsinka a bayansa. A hannun Kawu akwai doguwar sandar nan mai ƙugiyar ƙarfe da ake fizgo hofen daga turke. Ya watsa wa Mama fure cike da tafi a ƙirji.

"Murza ki ji! Ina mijin naki?"

"Yaya, lafiya? Ko gaisuwa babu?"

"Na ce murza! Ƙwaya ce zalla, duk layukan da ke gefenku. Noman shekara guda, Zenzi!"

Baba ya fito daga shago yana kakkaɓe garin katako. Bai yi musu ba. Ya ce, "Nawa ne, Korbinian. Buhun ne ya yage. Zauna mu yi magana, ni da hannuna zan cire shi."

"Kai da hannunka? Mai ƙera akwatin gawa zai koya mini noma! Kauce."

Kawu ya wuce lambu. Bai ma nemi namijin ba, turken farko da ya tarar ya sa wa ƙugiya ya fizge. Ganye ya zubo masa a ka, ya tattake, ya nufi na biyu. Ƙaton ya sa kafaɗa ya karya na uku. Baba ya ruga ya rungume turke na huɗu kamar mutum.

"Waɗannan mata ne! Me suka yi maka?"

"Sake shi."

"Ba zan sake ba. Gidana ne."

Kawu ya ɗaga sandar. Har yau ban san ko turken ya nufa ko Baba ba. Ƙugiyar ta sauka a gefen fuskar Baba, ta kama, Kawu kuma ya ja kamar yadda ya saba ja. Na ji ƙarar yagewa. Baba ya durƙusa, hannu biyu a fuska, jini yana bulbulowa ta tsakanin yatsunsa. Na yi kan Kawu da icen da ke hannuna na maka masa a gadon baya. Ƙaton ya cafke gashina ya jefa ni jikin shinge, haƙorina ya fasa mini leɓe. Ina kwance na ga Kawu ya sa takalmi ya ture Baba ƙasa, yana haki, yana cewa, "Tashi mana, mai iri! Tashi ka nuna mini irin!"

Babu wanda ya lura da Mama. Ta cika bokitin katako daga tukunyar, ta taho a hankali don kada ya zube. Ta ce, "Yaya." Ya juyo. Ta sheƙa masa.

Ihun da ya yi har masu tsinka a gona suka jiyo. Ruwan sha'ir yana da danƙo kamar zuma, ba ya gangarewa, manne wa fata yake yi. Ruwan ya kama masa wuya da kafaɗa da hannun dama. Ya yi ta birgima cikin ganyen da ya tattake, yana yagar riga, fata tana biyo rigar. Ƙaton ya tsallake shinge ya gudu. Mama ta ajiye bokitin ta ce mini, "Burgi, tashi ki ja ruwa a rijiya ki zuba masa, kar ki tsaya." Ita kuma ta cire gyalenta ta danne fuskar Baba da shi.

A keken doki ɗaya aka kai su asibitin gari, kwance gefe da gefe, saboda shi kaɗai aka samu. Baba ya rasa idon hagu. Hannun Kawu ya ƙanƙance, bai ƙara miƙewa sosai ba. Da ɗan sanda ya zo tambaya, Baba ya ce turke ne ya faɗo masa, Kawu ya ce tuntuɓe ya yi da tukunya. Ɗan sandan ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya sa hularsa ya fita.

Kawu ba shi da mata, ta rasu tun ina ƙarama. Da aka sallamo shi babu mai wanke masa ƙunar. Kullum da safe Mama ta gama sa wa Baba magani, sai ta ɗauki man shafawa da tsumma mai tsabta ta tsallaka gidansa, ni ina riƙe mata kwano. Ba ta gaishe shi, ba ya gaishe ta. Yana cije haɓar rigarsa, tana ɓare tsohon tsumman, hawaye na zubo masa.

Ana gab da fara sanyi, wata safiya tana ɗaure masa hannu, ya yi magana yana kallon bango.

"Mijin naki yana gani da ɗayan idon?"

"Yana gani."

"Yana aiki?"

"Ya fara. Sai dai yana kuskuren ƙusa."

Can Kawu ya ce, "Da kin ɗaga bokitin kaɗan, da fuskata ce."

Mama ta ja ƙullin ta ɗaure tam. Ta ce, "Na sani. Juyo mini kafaɗar."