Gashin Mace Ta Bakwai

Tokuji bai tsaya jiran lif ba. Da ƙafa ya hau benen babban kantin da ake baje kolin hotuna har hawa na shida, yana haki, yana ƙunƙuni, rigar aikinsa duk garin katako. Matarsa Fumie ta biyo shi har tashar jirgin ƙasa tana cewa, "Maigida, ko riga ka canja mana," bai ko waiwaye ta ba.

Shekara hamsin da ɗaya yana sassaƙa allunan buga hoto a unguwar Yanaka, ashirin daga ciki wa Malama Shizue Nonomura yake yi. Ita za ta zana, shi ya kafa wuƙa a katakon ceri ya fitar da kowane layi, Genzo ya shafa launi ya buga a takarda. Duk Tokyo an san ta da abu ɗaya: ba ta yarda inji ya taɓa aikinta. Hotuna goma na wannan baje kolin, na mata masu gyaran gashi, wata goma sha huɗu ya yi a duƙe a kansu.

Sai ɗazu da rana, suna cin taliya shi da Genzo, bakin Genzo ya suɓuce. Wai Malama ta kai wasu daga cikin zanen can birnin Osaka an yanka da inji. Daga nan ya kama bakinsa, ko da Tokuji ya ci kwalarsa bai ƙara kalma ba.

Ɗakin baje kolin cike yake da mutane. Ƙarƙashin kowane hoto akwai ƙaramin kati: sunan mai zane, sunan mai bugawa, sai kuma "Sassaƙar hannu: Tokuji Kuwabara". Malama na tsaye a tsakiya, wata 'yar jarida na rubuta abin da take faɗa.

Tokuji ya ciro gilashin ƙara girma ya fara daga na farko. Gashi yake dubawa, can gaban goshi inda silin ke fita ɗaya bayan ɗaya, don nan ake gane masassaƙi. Na farko lafiya. Na biyu ma, har ya ɗan gyaɗa kai. Yana zuwa na bakwai ya tsaya cak. Silin gashin wasu sun yi kauri, wasu sun karye, biyu ma sun haɗe kamar an kwaɓa su.

"Malama!"

Ta juyo, fuskarta ta canja.

"Baba Tokuji, ashe ka samu zuwa. Zo mu shiga ciki ka sha shayi."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Zo ki ga ƙazantar da kika liƙa wa sunana."

"Don Allah, Baba, a hankali."

"A hankali? Lokacin da kika ɗauki zane kika kai wa inji, kin tambaye ni? Ku matso ku gani, jama'a! Wannan gashi ne ko tsintsiya? Shekara hamsin da ɗaya ban taɓa sakin layi irin wannan ba. Ƙarfe marar ido ya yi ɓarna, sai a rubuta Tokuji!"

'Yar jaridar ta matso. Malama ta kama hannun rigarsa ta ja shi bayan wani labule, inda aka tara kwalaye.

"Ka gama?"

"Ban ma fara ba. Yau sai kin cire wannan hoton daga bango."

"To saurara, tunda tonon asiri kake so." Ta rage murya, amma kowace kalma da zafinta ta fito. "Na bakwai shi kaɗai ne naka. Sauran taran inji ne."

Tokuji ya yi dariya. "Ƙarya kike."

"Allunanka tara suna ɗakin ajiyata, na naɗe su da ƙyalle. Je ka duba. Genzo ya gwada bugawa sau uku, ya zauna yana hawaye. Na bakwai ne mafi kyau a cikinsu, shi ya sa na bar shi, don kada a ce babu hannunka ko ɗaya a bangon."

Tokuji ya tuna hunturun da ya wuce, yadda yake ta matso da fitila kusa da allo yana zagin kamfanin da ya yi ƙwan.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"In faɗa maka? Kai? Mutumin da ya jefi likitan ido da takalmi?"

"Sai ki mayar da ni abin tausayi! Kina biyana ina sassaƙa itacen hura wuta, kuna kallona ke da Genzo, kuna ce mini sannu da aiki!"

"Rufa maka asiri na yi."

"Naki kika rufa! Wa zai sayi hoton Nonomura in an ji inji ne? Sunana kike buƙata a katin nan, ba hannuna ba."

Ta ce, "Duka biyun ne. Na nemi wani masassaƙi, Baba. Mutum huɗu suka rage masu iya gashi, kowa da aikin shekara uku a gabansa. Ya kake so in yi?"

Ya ɗaga labulen ya fita, mutane suka dare masa. Ya koma gaban na farko ya sake kafa gilashi. Layin sumul, babu inda wuƙa ta yi shakka, babu inda ta huta. Ɗazu ya gyaɗa wa wannan kai. Abin ya fi komai ƙona masa rai.

Ya miƙa wa 'yar jaridar hannu. "'Yata, ara mini biro."

Ta ba shi. Ya duƙa kan katin farko ya ja layi a kan sunansa. Sai na biyu. Wani ma'aikacin kantin ya taho da sauri, Malama ta ɗaga masa hannu daga bakin labule, ya tsaya. Tana kallo. Tokuji ya soke na uku, na huɗu, na biyar, na shida. Ya tsallake na bakwai, ya ƙarasa sauran ukun, yana dannawa har biron ya huda kati na ƙarshe.

Ya mayar wa 'yar jaridar da bironta.

"Baba," in ji 'yar jaridar, "ban gane ba. Ba wannan da ka tsallake ne ka ce ƙazanta ba?"

Tokuji ya daɗe yana kallon goshin mace ta bakwai.

"Ƙazanta ce," ya ce. "Ni na yi ta. Rubuta sunana daidai."